Keken Baba da kwalin da na buɗe ta ƙasa

Ku 'ya'yana da ban haifa ba tukuna, da ku nake. Shekaruna goma sha bakwai, kuma na san mutane ba sa zama rubuta tarihinsu sai furfura ta cika musu kai. Amma in na jira har lokacin, Kawu Yohanna zai riga ni ba ku wannan labarin, kuma a bakinsa tun yanzu na zama shugabar 'yan fashi mai yara arba'in a daji. Shi ya sa na ciro tsakiyar littafin lissafina, wanda dama ba abin kirki nake rubutawa a ciki ba, domin ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda ta yi shi. Sunana Godiya, 'yar autar Malam Bitrus na Kafanchan, kuma abin ya faru ne a daminar bara.

Kakanku, wanda nake kira Baba, tsohon malamin firamare ne. Da ya ajiye alli sai ya karɓi aikin mai bishara a wata 'yar majami'a da ke wani ƙauye a kan tudu, can bayan Kagoro. Hanyar ƙauyen ba hanya ba ce, tsani ne da aka manta ba a sa masa matakala ba. Baba yana da wani baƙin keke marar giya wanda ya girme ni, ya girmi auren Mama, ina ma zargin ya girmi layin dogo. Kowace Lahadi ya kan hau shi har gindin tudun, daga nan sai su yi musaya, keken ya huta, Baba ya tura shi har sama. Gwiwarsa ta dama ta fara kumbura, Mama tana shafa masa man zafi tana faɗa, shi kuma yana ce mata tumakin Ubangiji ba a kwari kaɗai suke ba. Labarin gwiwar nan ya kai kunnen wani tsohon ɗalibinsa, Injiniya Danjuma, da ke zaune a ƙasar waje. Baba ne ya riƙa goya shi a wannan baƙin keken zuwa makaranta yana yaro. Sai ya aiko da saƙo cewa zai turo wa malaminsa nasa keken na hawan dutse, wanda bai daɗe da saya ba.

Keken ya iso Kaduna cikin wani ƙaton kwali, aka ajiye shi a gidan wani ɗan'uwan Injiniya a Mararaban Rido, Kawu Yohanna ya ɗauko shi. Kawu ƙanen Mama ne, direban bas ne tsakanin Kafanchan da Kaduna ta hanyar Kachia. Ya kamata ku san wani abu game da sana'arsa, in ba haka ba ba za ku gane girman ɓarnar da na yi ba. Kowane direba a tasha yana samun fasinja, amma abin da ke riƙe da gidan Kawu saƙo ne. Uwa za ta ƙulle garin acha da yaji da man ja ta ba shi ya kai wa ɗanta a makaranta, wani ya ba shi takardun aiki, wata ta ba shi maganin mahaifiyarta. Ba rasit, ba rubutu, sunansa kawai suke ba wa kayan. Shekara da shekaru ba a taɓa cewa ko tsinke ya ɓata a motarsa ba.

Ranar Alhamis ya sauke kwalin a falonmu. Mu kuma a gidanmu akwai doka: saƙon da ya zo daga nesa ba a buɗe shi sai an taru an yi addu'a a kansa. Ko sabulu aka aiko sai ya jira amin. Wannan kuwa Baba ya ce ya fi ƙarfin addu'ar gida, sai ranar Lahadi bayan sujada, Fasto ya zo ya sa albarka. Kwana uku ke nan kwali yana kallona ina kallonsa. Daren farko na yi mafarkinsa. Ranar Juma'a da rana, Mama tana kasuwa, Baba yana gonar citta, Kaka kuma, wato mahaifiyar Baba, tana gyangyaɗi a baranda, na ɗauko reza. Ni ba sakara ba ce da zan yanka ta sama inda kowa zai gani. Na kwantar da kwalin, na tsaga ta ƙasa, na leƙa. Na ga taya mai kauri kamar ta babur, na ga jan fenti yana sheƙi. Sai wata 'yar jakar yadi ta faɗo a cinyata. A ciki akwai wani baƙin abu kamar kwalin ashana, da wani ɗan mazauni mai igiyar caja. Nan take na yanke hukunci cewa irin abin nan ne da ake cajin waya da shi in an ɗauke wuta. Ba ni da waya a lokacin, Baba ya ƙwace ta tun ranar da na ɗauki minsharin wani dattijo da ita ana tsakiyar wa'azi, amma mutum yana shiri don gaba. Ina cikin juya abin sai Kaka ta yi tari. Jakar ta shige aljihun siket ɗina ba tare da ta nemi izinina ba, na jawo farin salatif ɗina na makaranta na manne ƙasan kwalin, na tayar da shi. Na yi niyyar mayarwa, Allah ya sani. Amma da Baba ya dawo sai ya yafa wa kwalin zanen Mama na zumuntar matan coci, ya ja kujerarsa da rediyonsa ya zauna gefensa kamar mai gadin banki.

Ranar Lahadi falo ya cika. Fasto ya zo, maƙwabta suka zo, Kawu Yohanna ya zo da rigarsa ta coci. Baba ya gayyato abokinsa Malam Sabo, tsohon mai gyaran keke da ke bakin layin dogo, wanda ya fi shekara talatin yana yi wa baƙin keken nan jinya. Malam Sabo ya tsaya a baranda da jakar kayan aikinsa har aka ce amin, sannan ya yi sallama ya shigo. Aka yanka kwali ta sama, Malam Sabo ya ɗaura taya, ya ɗaura hannun keke, mutane suna tafi, Mama tana raba shinkafa. Sai na ga ya tsuguna. Ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, ya shafa jikin keken kamar likita yana neman jijiya.

"Malam Bitrus," ya ce, "an taɓa keken nan."

Ya yi bayani a natse, ba wanda ya isa ya musa, domin a Kafanchan in Malam Sabo ya ce keke ya mutu sai a fara haƙa kabari. Ya ce duk keken hawan dutse da ya taɓa shiga hannunsa yana da faranti uku masu haƙora a gaba, wurin feda, amma wannan ɗaya tal gare shi. Ya ce dole ne a sami waya guda biyu da suka taso daga hannun keke suka gangara suna jan sarƙa daga faranti zuwa faranti, amma a nan ko ɗaya babu, sai na birki. Ya danna wasu 'yan maɓallai da ke ƙarƙashin babban yatsa, ba abin da ya motsa. Ya ƙirga farantan baya ya sami goma sha biyu, babban cikinsu ya kai tiren da Mama ke kai wa baƙi ruwa. Sai ya yi lissafi da yatsa a kan siminti: uku sau goma sha biyu, talatin da shida. Ga goma sha biyu a gabanmu. Ke nan giyar keke ashirin da huɗu sun yi ƙafa. Abin da ya fi ba shi mamaki, in ji shi, ɓarawon ya iya aiki, ko tabon sukudireba bai bari ba, har ramukan da waya ke bi ya shafe su. Wannan aikin mai kayan aiki ne. Sarƙar kuma ta maƙale a kan ƙaramin farantin baya, wanda ya fi kowanne nauyi. Baba ya gwada a tsakar gida, da ƙyar ya juya feda sau biyu, gwiwarsa ta ce ba da ita ba.

Fasto ne ya ce a juya kwalin a duba. Ko'ina salatif ɗin Turawa ne ruwan ƙasa, sai ƙasan, inda farin salatif ɗina yake murmushi. Kaka ta dube ni daga kujerarta, ta ce da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji, a tambayi yarinyan nan, tun shekaranjiya idon shi bai zauna wuri ɗaya ba. Baba ya kira ni tsakiyar falo, a gaban Fasto da kowa, ya tambaye ni ko na taɓa kwalin. Ku tuna, ana maganar farantai da wayoyi ne, ni kuwa ban ga faranti ba, ban ga waya ba. Da wannan na rarrashi zuciyata na ce ban taɓa ba.

"Kun ji," in ji Baba. "'Yata tana da surutu, tana da ƙiriniya, amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ba wanda ya ambaci suna. Idanu ne kawai suka zagaya falo a hankali suka sauka a kan mutumin da ya kwana da kwalin a motarsa, mutumin da ke da akwatin sifana a ƙarƙashin kujerarsa. Kawu Yohanna yana riƙe da cokali a hanyar bakinsa. Ya mayar da shi cikin kwano, ya ce yadda aka ba shi haka ya kawo, ya tashi ya fita. Mama ta roƙi Baba a kira Injiniya Danjuma a tambaye shi. Baba ya ƙi. Ya ce da wane baki zai gaya wa yaron da ya yi masa wannan alheri cewa an sace kyautarsa a hannun surukinsa. Ya ce maganar cikin gida ce, dattawan ikilisiya za su zauna a kanta ranar Asabar.

Maganar cikin gida a Kafanchan ba ta kwana a gida. Ranar Litinin an ce Yohanna ya cire farantai biyu. Ranar Talata an ce keken da inji ya zo, ya sayar da injin a Kujama. Kafin Laraba na ji wata mai kayan miya tana rantsuwa cewa kekuna biyu aka aiko. Ni duk wannan dariya yake ba ni a ɓoye, domin a tunanina wasu ɓarayi ne can a tashar jirgin ruwa suka yi aikin, ni kawai na buɗe bayan sun gama, kuma kwana biyu za a manta. A gida Mama ta daina waƙa in tana girki. Ta sa gishiri sau biyu a gwate, haka muka shanye. Baba da Mama suka koma yin magana ta bakina: gaya wa babanki ruwan wanka ya yi zafi, gaya wa mamanki na ji.

Ranar Laraba Mama ta zuba abinci a kula ta ce in kai wa Kawu tasha, kada Baba ya sani. Na same shi yana ɗaure kaya a bayan bas. Ina tsaye sai ga Maman Blessing, wata 'yar zumuntar mata da ta fi shekara biyar tana ba shi saƙon 'yarta da ke karatun jinya a Kaduna. Ta zo tana kame-kame, ta ce wai ta tuna akwai abin da ba ta sa a buhun ba, a sauko mata da shi. Kawu ya kwance igiya ya sauko da buhun. Ba ta buɗe ba. Ta tsaya tana kallon motar da ke bayan tasa. Kawu ya gane, ya ɗauki buhun a kafaɗarsa, ya kai wa ɗayan direban da kansa, har ya gaya masa a wace ƙofa yarinyar take jira. Da ya dawo ya karɓi kular, ya ce mini saƙo na huɗu ke nan da aka janye tun safe. Ya yi ƙoƙarin tsokanata kamar yadda ya saba, ya ce ina fatan ban cinye naman a hanya ba, amma muryar ba tasa ba ce. Daga ranar abin ya daina ba ni dariya.

Ranar Alhamis Malam Sabo ya zo gida ya auna keken, domin Baba ya ce a nemo tsofaffin farantai da waya a ɗaura masa ko ta halin ƙaƙa. Ni ce mai riƙe masa keken. A gefen tayar baya akwai wani ɗan ƙarfe mai gaɓoɓi da ke rataye, wanda ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti. Ni ƙafar kaza nake ce masa, don da ita ya yi kama. Malam Sabo ya nuna mini bayansa da tsinken sakace, ya ce duba nan, ko a nan ma sun ɓalle wani abu. Na duba. Wani ɗan gurbi ne mai kusurwa huɗu, da 'yan ƙusoshi masu ruwan zinariya a ciki, da ɗan murfi mai kamawa. Girmansa daidai kwalin ashana.

Da ya tafi, gida ya yi shiru, na ciro baƙin abin daga gwangwanin madarar da nake ɓoye dukiyata a ƙarƙashin gado. Na tura shi cikin gurbin, ya shige ya ce ƙyas, wata 'yar koriyar wuta ta ƙifta. Na danna maɓallin da ke hannun keke. Ƙafar kaza ta yi wani ɗan ƙara kamar sauro a kunne, ta matsa da kanta. Ba waya, ba igiya, ba kowa a kusa da ita. Saura kaɗan in fita ta taga. Na ɗaga tayar baya na juya feda da hannu ina dannawa, sarƙa tana hawa faranti bayan faranti har ta kai kan tiren Mama, feda ta yi sauƙi kamar ana juya iska. Batir ne. Keken bai taɓa samun waya ba tun da aka haife shi. Abu ɗaya kawai aka sata a cikin kwalin nan, wanda ba wanda ya san da shi, kuma yana hannuna.

Zan so in ce muku nan take na ruga wurin Baba. Ƙarya nake in na ce haka, kuma na daina, ko in ce na rage. Dabarar da ta fara zuwa mini ita ce in bar batirin a jiki, ranar Asabar in nemi a bar ni in yi wa keken addu'a, in ɗora hannu a kan maɓalli, in ce tashi ka yi tafiya. Har na fara tsara irin fuskar da zan yi. Na ga kaina ana kira na ba da shaida a taron matasa. Amma duk yadda na juya dabarar, farin salatif ɗin nan yana nan a ƙasan kwali. Ko keke ya tashi sama ya yi shawagi, mutane za su ce ai dai an buɗe, kuma wanda ya buɗe tsoro ne ya sa ya mayar da kayan a ɓoye. Maman Blessing ba za ta dawo da buhunta ba. Abin da zai wanke Kawu shi ne a san wanda ya riƙe reza, kuma in an sani, maganar da Baba ya faɗa a kaina a gaban Fasto ta zube ke nan. Na cire batirin na mayar gwangwani. Ranar Juma'a ko shinkafa ban iya ci ba, har Kaka ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe.

Ranar Asabar da la'asar dattawa suka zauna a gindin mangwaron majami'a. Fasto yana tsakiya, Baba a gefe ɗaya, Kawu a ɗaya gefen yana kallon takalminsa. Malam Sabo yana kan benci a matsayin shaida, keken kuma an jingina shi da bishiya kamar shi ma za a tambaye shi. Ba a kiran yara irin wannan zama, sai na ɗauki tiren ruwa, domin ba a taɓa korar mai ruwa ba. Na iso daidai lokacin da wani dattijo yake cewa in Yohanna ya amsa laifinsa ya nemi gafara, za a rufe maganar a nan, ba sai an sanar a sujada ba. Kawu ya ce ba zai amsa abin da bai yi ba, ko da zai ajiye tuƙi ya koma noma. Na ajiye tiren.

"Baba, ni ce na buɗe kwalin," na ce. "Ranar Juma'a, da reza. Salatif ɗin nawa ne. Kawu bai taɓa komai ba."

Fasto ya tambaye ni ina na kai farantan. Na ce ba farantai, wannan kawai na ɗauka, na buɗe tafin hannuna. Na je na tura batirin a gurbinsa, na roƙi Malam Sabo ya ɗaga tayar baya ya juya feda. Na danna. Ƙafar kaza ta yi kukan sauronta ta matsa, sarƙa ta haye. Malam Sabo ya saki keken ya ja da baya yana neman tsari, sannan son sani ya fi ƙarfinsa, ya dawo ya durƙusa har gemunsa yana taɓa sarƙa, ya ce in sake. Na sake sau goma sha ɗaya. Ya bi jikin keken da yatsa daga sama har ƙasa yana neman wayar da ta ɓuya, bai samu ba.

Saura maganar farantan gaba. Fasto bai nemi izinin kowa ba, ya ciro wayarsa ya kira Injiniya Danjuma ta bidiyo. Da aka gaya masa abin da ake ciki sai da ya dafe kai. Ya ce laifinsa ne da bai rubuto takarda ba. Ya cire batirin ne don kada girgizar hanya ta riƙa tayar da shi ya ƙare a banza. Ya ce masu ƙera irin waɗannan kekuna sun bar sa faranti uku a gaba, sun mayar da aikin duka baya, shi ya sa na bayan suka yi yawa, babban kuma ya yi girma haka, don shi ne na hawan tudu mai tsayi. Ya ce a duba haƙoran farantin gaban, za a ga ɗaya mai kauri ɗaya siriri, a jere, don su riƙe sarƙa kada ta zame a kan duwatsu. Malam Sabo ya duba, ya ƙirga, ya gyaɗa kai. Maɓallin kuma da ƙafar kaza magana suke yi ta iska kamar rimot da talabijin. Har ya ce akwai waɗanda yanzu an rufe giyarsu cikin akwati, laka ba ta shiga, an kuma sa musu bel irin na inji a madadin sarƙa. Malam Sabo ya matso da fuskarsa jikin wayar ya tambaye shi, to in sun gama duk wannan, shi kuma me zai riƙa gyarawa. Injiniya ya ce faci, Malam, ƙaya ba ta san sabon keke ba. Dattawa suka yi dariya. Malam Sabo ya juya wurin Kawu ya ce lissafinsa ne ya jawo, ilminsa ya tsaya a faranti uku, ya roƙi Kawu ya yafe masa.

Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Bai dube ni ba ma. Ya tashi da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya cire hularsa, ya taka har gaban ƙanen matarsa, wanda Baba ya girma da shekara ashirin, ya fara sunkuyawa zai durƙusa. Kawu ya yi tsalle ya riƙe shi, yana cewa haba Yaya, haba Yaya. Ni da na shirya wa bulala, da faɗa, da a tura ni ƙauye, ban shirya wa wannan ba. Duk dukan da aka taɓa yi mini a rayuwa in an haɗa bai kai ganin hular nan a hannun Baba ba.

Da muka kai ƙofar gida sai Baba ya juyo gare ni. A nan ya ce sunan Yohanna ba a gindin mangwaro ya ɓaci ba, a tasha ya ɓaci, don haka a tasha za a gyara shi. Ranar Litinin da safe, lokacin da tasha ta fi cika, na tura jan keke, Baba yana gaba. Ya sa na hau kan bencin 'yan kamasho na faɗi abin da na yi tun daga reza har gwangwanin madara, da irin muryar da nake cika unguwa da ita. Wani direba ya ce bai ji ba in maimaita, na maimaita. Sannan aka ɗaga taya na nuna musu aikin ƙafar kaza, masu shayi da masu lodi suka yi layi kowa sai ya danna. Wani ya ce wannan yarinya ai kwastam ce, ba kaya da zai wuce ba ta duba ba. Sunan ya bi ni har makaranta, kuma in kun ji wani tsoho a tasha ya kira uwarku Kwastam, ku gaishe shi kawai ku wuce. Muna shirin tafiya sai ga Maman Blessing da buhu a ka. Ta sauke shi a bayan motar Kawu. Shi kuma ya jawo igiya ya ɗaure.

Hukuncina shi ne wata uku ina bin Baba ƙauyen kan tudu kowace Lahadi, a kan baƙin keken, da jakar littattafan waƙa a baya. Cajin batir ma ya zama aikina. Lahadin farko da muka iso gindin tudun, inda shekara da shekaru yake sauka, na ji ɗan kukan sauron nan sau uku, huɗu, sarƙa ta hau babban faranti. Baba ya ci gaba da juya feda a hankali, ƙafafunsa suna sauri keken yana tafiyar kunkuru, amma bai sauka ba. Ni ce na sauka, na tura baƙin keke ina haki ina tuba. Da na iso sama na same shi a ƙofar majami'a, 'yan ƙauyen sun kewaye keken, wani dattijo yana tambayarsa ko wannan ce yarinyar da aka ce. Na tsaya a bayan taron da gumi a ido ina jiran in ji abin da zai ce.

"Ita ce," in ji Baba. "Ta taɓa yi mini ƙarya sau ɗaya. Ita ta kawo kanta."

Sai ya miƙo mini gorar ruwansa, ya ce in yi sauri in raba littattafan waƙa, mun makara.